Imani da ciwon damuwa: abin da wani masani ɗan Amurka ya gano cikin shekaru 40 na bincike



Kowace shekara, ranar 10 ga watan Oktoba, hukumar lafiya ta duniya OMS da ƙasashe da dama suna raya ranar lafiyar ƙwaƙwalwa. A irin wannan rana akan ji likitoci cikin rediyo suna cewa duk mai ciwon damuwa ya zo asibiti. A ji malamai kuma suna cewa ya yawaita zikiri, ya yi haƙuri, jarabawa ce. Shi kuwa mai ciwon yana tsakiya, bai san wa zai bi ba. Sau da yawa ma kunyar zuwa likita yake ji, kada a ce imaninsa ne ya yi rauni.

To akwai wani mutum a Amurka da ya kwashe sama da shekaru 40 yana bin diddigin wannan magana: mene ne addini ke yi wa zuciyar mutum idan masifa ta auka masa? Sunansa Kenneth Pargament, masanin halayyar ɗan Adam ne. An haife shi a birnin Washinton a 1950, ya samu digirinsa na dokta a jami'ar Merilan a 1977, daga nan ya kama koyarwa a jami'ar Bowling Green da ke jahar Ohayo, inda ya zauna har ya yi ritaya. Bayahude ne, kuma yawancin mutanen da ya fara bincike a kansu Kiristoci ne. Mun faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san inda maganar ta fito, ya auna ta da kansa. Amma wasu abubuwan da ya gano, in kun ji su, za ku ce a Maraɗi ko Damagaram ya zauna.

Lokacin da ya shigo fagen

Sa'ad da Pargament ya fara aiki, masana halayyar ɗan Adam a ƙasashen Turai da Amurka ba su ɗauki addini da daraja ba. Babban malaminsu na farko, Sigmund Freud, likita ɗan ƙasar Ostiriya, ya rubuta a 1927 cewa addini mafarkin ido biyu ne, wanda ɗan Adam ya ƙirƙira saboda tsoron duniya da neman wanda zai kare shi kamar uba. Bayansa wani sanannen masani a Amurka, Albert Ellis, ya dage cewa tsananin riƙo da addini yana tafiya tare da rikicin zuciya. Waɗanda ba su yarda da waɗannan biyun ba kuwa, yawancinsu shiru suka yi. Mara lafiya ya zo yana maganar Allah, sai a kau da zancen a koma ga ƙuruciyarsa ko ga maganin barci.

Kuma akwai dalili. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan masana halayyar ɗan Adam na Amurka ya nuna kashi 48 cikin 100 nasu sun ce addini ba shi da muhimmanci a rayuwarsu, alhali a cikin sauran jama'ar ƙasar kashi 15 ne kawai suka faɗi haka. Kun ga ke nan mai magani da mai neman magani ba harshe ɗaya suke yi ba.

Ƴan binciken da ake yi a wancan zamani su ma sama-sama ne. A tambayi mutum: sau nawa kake zuwa majami'a a wata? Sau nawa kake addu'a? Sai a haɗa amsar da lafiyarsa, a ce an gama. Pargament ya ga wannan lissafi bai isa ba. Mutum biyu za su iya tsayawa sahu ɗaya, su yi ibada iri ɗaya, ɗaya ya fito zuciyarsa a sanyaye, ɗaya ya fito da tsoro ya fi na da. Yawan zuwa wurin ibada ba zai nuna maka wannan bambanci ba. Sai ya sake tambayar, ya ce: idan ɗanka ya rasu, ko likita ya ce kana da ciwon daji, ko aurenka ya mutu, me kake yi da imaninka a wannan lokacin? Me kake gaya wa kanka game da Ubangiji? Duk aikinsa na shekaru 40 a kan wannan tambaya ya tsaya.

Abu ɗaya da ya sha nanatawa shi ne cewa iliminsa ba shi da ma'aunin da zai auna Allah, ko ya ce wannan addini ne gaskiya, ko ya ce an amsa addu'ar wane. Abin da zai iya aunawa shi ne mutum: abin da ya yi imani da shi, da yadda wannan imani ya taɓa barcinsa, cin abincinsa, fargabarsa da zamansa da mutane.

Hanyoyi uku na fuskantar matsala

A 1988 shi da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da ya fito da sunansa. Sun tambayi mutane kusan 200 daga majami'u biyu yadda suke warware matsala, suka ga hanyoyi uku. Akwai mai cewa Allah ya ba ni hankali da ƙarfi, ni zan yi da kaina. Akwai mai naɗe hannu ya ce Allah zai yi mini, ba abin da zan taɓa. Akwai kuma mai tashi ya yi ƙoƙarinsa yana jin cewa Ubangiji na tare da shi a cikin ƙoƙarin. Waɗanda suka bi hanya ta farko da ta uku sun fi nuna ƙarfin gwiwa da ganin darajar kansu. Masu naɗe hannu su ne suka zo baya.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wannan zance. Shi ne bambancin tawakkali da lalaci, kuma labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara, sananne ne har ga yaran makarantar allo. Manomi ma ba ya zama gida ranar shuka ya ce ai Allah ne mai ba da hatsi.

Amma daga baya Pargament ya ƙara wani bayani da ya gyara hoton. Ya raba tsakanin mai naɗe hannu tun farko da wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kai maƙura, sannan ya miƙa sauran ga Allah. Na biyun nan ba rago ba ne. Akwai abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar ciwon ajali ko ruwan sama da ya ɗauke a tsakiyar damana, kuma a irin wannan wuri dagewa cewa lalle sai ni na gyara yana iya zama shi ne ciwon.

Fuska biyu

Ranar 19 ga watan Afrilun 1995 aka tayar da bam a wani ginin gomnati a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu, cikinsu har da ƙananan yara. Pargament da mutanensa suka tambayi mazauna yankin yadda suka riƙe imaninsu bayan wannan tashin hankali. Suka tambayi ɗaliban jami'a da suka gamu da babbar masifa, suka tambayi tsofaffi da ke kwance asibiti. Daga nan a 1998 suka fitar da wata gajeriyar takardar tambayoyi mai layi 14, da aka sani da suna Brief RCOPE. Har yau ana amfani da ita a ƙasashe da yawa, an kuma fassara ta cikin harsuna da dama.

Layi bakwai na farko suna auna abin da suka kira kyakkyawan riƙo: neman kusanci da Allah, neman gafara, neman taimakonsa don fushi ya sauka daga zuciya, ƙoƙarin ganin ko wannan wahala za ta ƙara wa mutum ƙarfi. Bakwai na ƙarshe kuma suna auna kokawar da ke cikin zuciya: jin cewa Allah ya yi watsi da ni, jin cewa azabtar da ni yake yi saboda gazawata, shakkar ko yana ƙaunata, jin cewa ƴan'uwana na wurin ibada sun juya mini baya, ko cewa Shaiɗan ne ya jawo mini wannan.

Abin da aka riƙa gani a bincike bayan bincike shi ne, mafi yawan mutane fuska ta farko suke bi, kuma tana tafiya da natsuwa da saurin farfaɗowa. Masu fuska ta biyu ba su kai su yawa ba, amma alamarsu ta fi ƙarfi: ciwon damuwa, fargaba, rashin jin daɗin rayuwa. A 2005 wasu masana biyu suka tattara bincike 49 da suka shafi mutane sama da 13,000, suka ga hoton bai sauya ba.

Majinyata 596

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne wanda aka wallafa a 2001, wanda Pargament ya yi tare da likitan ƙwaƙwalwa Harold Koenig na jami'ar Duke a jahar Karolina ta Arewa. Sun ɗauki majinyata 596, duk masu shekaru 55 zuwa sama, da ke kwance a asibitoci biyu na garin Durham. Aka yi musu tambayoyin nan, aka rubuta irin ciwonsu da tsananinsa, sannan aka bi su har shekara biyu. A cikin wannan lokaci 176 suka rasu.

Da aka koma ga amsoshinsu, sai aka ga waɗanda tun farko suka ce suna jin Allah ya yi watsi da su, ko suna shakkar ƙaunarsa gare su, ko suna ganin Shaiɗan ne ya sa musu ciwon, haɗarin mutuwarsu a cikin shekara biyun ya ɗara na sauran da kashi 19 zuwa 28 cikin 100. Kuma wannan bayan an cire tasirin shekaru, da tsananin ciwon jiki, da ciwon damuwa daga lissafin.

Mu ɗan tsaya nan, don irin wannan labari yana da saurin lanƙwashewa a bakin mutane. Ba a ce shakka ce ta kashe su ba, kuma ajali na Allah ne. Abin da lissafin ya nuna shi ne abubuwa biyu suna tafiya tare, kuma tafiya tare ba lalle ta zama ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa wanda ya ji an yi watsi da shi ya daina shan magani, ya daina cin abinci, ya ƙi yarda a zo duba shi. Mai yiwuwa kuma ciwon ne ya ci jikinsa fiye da yadda takardar likita ta nuna, shi ya sa zuciyarsa ta karaya. Ban da haka, mutum 152 daga cikin 596 ɗin ba a sake samun labarinsu ba, kuma wannan giɓi ne babba. Sannan tsofaffi ne na kudancin Amurka, kusan dukkansu Kiristoci. Shi kansa Pargament daga baya ya rubuta cewa hanyar tana da baki biyu: wani kokawar imani ce ke jefa shi cikin ciwon damuwa, wani kuma ciwon damuwar ne ke fara zuwa, ya rufe masa ido har ya daina jin daɗin ibadar da ya saba.

Wannan baki na biyu shi ne ya kamata mu riƙe da kyau a nan ƙasar. Mace ta haihu, bayan sati biyu ta daina barci, ta daina magana, salla ta yi mata nauyi, ta fara cewa Allah ba ya son ta. Mutanen gida su ce imaninta ya tafi, ko an yi mata sammu. Alhali ciwon damuwa na bayan haihuwa abu ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma idan ya sauka sau da yawa sallar tana komawa yadda take.

Abin da ya fi jan hankali ya fito ne a 2004, da suka sake duba waɗanda suka rayu. Majinyatan da suka yi wannan kokawa a farko amma ta wuce kafin shekara biyu, ba su nuna wata illa ta musamman ba. Waɗanda aka same su cikinta a farko, aka sake samun su cikinta a ƙarshe, su ne lafiyarsu ta fi taɓarɓarewa. Ke nan shiga cikin duhun ba shi ne babban haɗarin ba. Daɗewa a ciki ne, ba tare da an samu mai jawo hannu ba.

To a wurinmu wa zai jawo hannun, tunda maganar ma ba a furta ta? Wanda ɓarayin daji suka kashe masa ƴaƴa, ya tsallako iyaka daga Sakkwato ko Zamfara ya samu mafaka a yankin Gidan Runji, zai iya zama cikin mutane ya ce yana jin kamar Ubangiji ya manta da shi? Kafin ya rufe baki an ce masa ya yi istigfari, saɓo yake yi. Sai ya haɗiye. Ya ci gaba da zuwa masallaci, ana gaisawa yana cewa lafiya lau, abin na cin sa a ciki. A ganinmu wannan tsawa da ake yi ba ta da tushe mai ƙarfi ko a addinin. Littattafan hadisi sun kawo cewa wasu sahabbai sun zo wa Annabi da kukan cewa suna jin wasu abubuwa a zukatansu da suke tsoron furtawa, bai kore su ba, ya ma nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke yi wa waswasin alama ce ta imani. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta.

Ruwan sanyi da abu mai tsarki

Wani gwaji da ya yi da ɗalibarsa Amy Wachholtz, aka wallafa a 2005, ya fi sauƙin fahimta. Aka raba ɗalibai kashi uku. Kashi na farko aka ce su zauna shiru minti 20 kowace rana har sati biyu suna maimaita wata gajeriyar kalma mai ambaton Allah. Kashi na biyu su ma su maimaita kalma mai daɗi, amma ba ta addini ba. Na uku kuwa sakin jiki kawai. Bayan sati biyu aka ce kowa ya tsoma hannunsa cikin ruwa mai tsananin sanyi, a ga wa zai daɗe. Masu ambaton Allah sun jure kusan ninki biyu na sauran, kuma fargabarsu ta fi sauka. Gwaji ne ƙarami, a kan matasa masu lafiya, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma mai jan carbi bayan asuba ba zai yi mamaki ba.

Tare da abokiyar aikinsa Annette Mahoney kuma, sun duba abin da ke faruwa idan mutum ya ɗauki wani abu na rayuwarsa a matsayin mai tsarki, kamar aure ko renon ƴaƴa. Ma'auratan da ke ganin aurensu amana ce ta Allah sun fi kula da shi, rigimarsu ta fi ƙanƙanta. Sai dai abin yana da ɗaci a ɗaya gefen: idan irin wannan abu ya rushe, ciwon ya fi zurfi, domin mutum ba ya jin ya yi asarar abin duniya kawai. Mutanen Damagaram da suka ga tsohon masallacin Birni ya faɗi a ruwan damanar 2024 sun san cewa abin da suka ji a ranar ya wuce na faɗuwar ginin ƙasa.

Musulmi fa?

Wannan tambaya ɗalibinsa Hisham Abu-Raiya ne ya ɗauke ta. A 2008 suka fitar da ma'auni na musamman da aka gina a kan aƙida da ibadar Musulunci, suka gwada shi a kan Musulmi 340 daga ƙasashe daban-daban. Abin da aka gani bai yi nisa da na Kiristocin ba. Wanda ke komawa ga salla, karatun Alƙur'ani da addu'a yana jin kusanci da Allah, ya fi samun natsuwa. Wanda ke fama da shakka, ko yake kallon kowace masifa a matsayin azaba ce aka saukar masa, ya fi fama da damuwa da fushi.

Kafin su ma, akwai wani ɗan Afirka da ya daɗe yana wannan kira. Malik Badri, ɗan ƙasar Sudan, an haife shi a garin Rufa'a a 1932, ya rasu a 2021. Tun 1979 ya rubuta littafi yana gargaɗin masana halayyar ɗan Adam Musulmi cewa kada su kwaso duk abin da Freud ya faɗa su juye wa mutanensu ido rufe. Shi ne kuma ya fassara zuwa Ingilishi wani sashe na littafin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya. Al-Balkhi, sama da shekara dubu da suka wuce, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani ke warkarwa, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, kuma sai an haɗa da maganin jiki. Malami ne Musulmi ya faɗi haka, ba Bature ba.

Duk da haka, ba kowane layi na takardar Pargament zai zauna daidai a ƙasar Hausa ba. Ɗauki maganar Shaiɗan. A wurin tsohon da ke kwance asibiti a Amurka, cewa Shaiɗan ne ya sa mini ciwo yana iya nuna tsananin firgita. A nan kuwa, sharrin Shaiɗan ne kalma ce ta yau da kullum, da ita ake sasanta mata da miji, da ita ake yafe wa juna. Haka ma ganin ciwo a matsayin kaffarar zunubi: ga Musulmi da yawa wannan tunani sanyaya zuciya yake yi, domin yana nufin wahalar ba ta tafi a banza ba. Wanda zai yi aiki da wannan ma'auni a Tawa ko Maraɗi dole ya saurari yadda mutum ya faɗi maganar, ya duba fuskarsa, ya ga ko kalmar tana sauke masa nauyi ko tana ƙara masa.

A ɗakin likita da zauren malam

A 1997 Pargament ya tattara bincikensa na farko cikin wani babban littafi a kan addini da jure masifa. A 2007 ya fitar da na biyu, wanda ya rubuta don masu duba marasa lafiya. Saƙonsa gare su mai sauƙi ne. Kada ka yi wa majinyaci wa'azi, ba aikinka ba ne, kuma kada ka cusa masa addininka ko rashin addininka. Amma ka tambaye shi. Me ke riƙe da kai a wannan hali? Ciwon nan ya taɓa ibadarka? Akwai abin da ke damun ka tsakaninka da Ubangijinka? Idan ya buɗe baki, ka saurara, in ya so ka haɗa shi da malamin da ya yarda da shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shi lambar yabo a 2009 saboda wannan aiki, sannan a 2013 ya jagoranci wallafa wani kundi mai juzu'i biyu a kan addini da halayyar ɗan Adam ƙarƙashin babbar ƙungiyar masana fannin ta ƙasar. Fannin da ake gudu a da, ga shi ya samu kujera a tsakiyar zaure.

A 2014, tare da Julie Exline da wasu, suka rarrabe wannan kokawa ta zuciya gida shida: tsakanin mutum da Ubangijinsa, tsoron Shaiɗan ko miyagun iskoki, rikici da mutanen addini, zargin kai a kan zunubi, shakka a kan aƙida, da jin cewa rayuwa ba ta da ma'ana. Amfanin rarrabewar shi ne kowane gida da irin taimakon da yake buƙata. Wadda limamin unguwa ya wulaƙanta a gaban mutane ta daina zuwa karatu, matsalarta daban da ta saurayin da ke maimaita alwala sau goma yana jin ba ta yi ba. Na biyun nan likitocin ƙwaƙwalwa sun san irin ciwonsa, kuma akwai hanyar yi masa magani. Su biyun, Pargament da Exline, sun fitar da littafi guda a kan wannan a 2022.

A Nijar hoton a juye yake da na Amurka. Can likita ne ke da yawa, maganar Allah ce ba ta shiga ɗakinsa. Nan kuwa maganar Allah tana ko'ina, likitan ƙwaƙwalwa ne ya yi ƙaranci. Sashen da aka fi sani shi ne Pavillon E na babban asibitin ƙasa da ke Yamai, kuma daga ƙauyen Tasawa ko Madawa zuwa can tafiya ce mai cin kuɗi. Don haka ƙofar da ake fara bugawa ta malam ce, a yi tofi, a sha rubutu, a yi ruƙiyya, wasu kuma su bi ta wajen boka ko ƴan bori. Wannan ya ɗora wa malamai nauyin da ba su nema ba: su ne ke fara ganin mara lafiya, wani lokaci watanni kafin wani ma'aikacin lafiya ya gan shi.

Akwai alamun da bai kamata a tsaya jira ba idan an gan su. Mutum ya yi sati biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina abin da ya saba. Ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. Ko yana faɗuwa yana kumfa, wanda sau da yawa farfaɗiya ce, kuma tana da maganin da ake sha kullum. Ko ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa kamar mai ban kwana. A irin wannan hali a kai shi asibitin CSI mafi kusa ko babban asibitin jaha a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga inda yake. Ba a ɗaure shi da mari, ba a dukan sa da sunan fitar da aljani. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, a hanya da kuma a bakin gadon asibitin.